Sabunta dokokin tsarin gari da na gini a Maraɗi: a fara da hanyar ruwa

Maraɗin da muke zaune a ciki yau gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Tsohon garin yana ƙasa ne a cikin fadamar gulbi, har zuwa damanar 1945 lokacin da ambaliya ta ci shi, hukumar mulkin mallaka ta tayar da jama'a zuwa kan tudu. A nan aka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka bar dandali a gaban fadar Sarkin Katsinar Maraɗi, kuma mutane suka hawo da sunayen unguwanninsu irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci. Ke nan ruwa ne ya tilasta tsarin farko na wannan gari, kuma a ganina duk wani gyara da za a yi wa dokokin yankan filaye da na gini a yanzu, daga ruwan ya kamata a fara shi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami kimanin mutum dubu 267 a cikin birnin, kuma duk wanda ya san inda gidaje suka tsaya a wancan lokaci ya san cewa unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo sun daɗe da daina zama bakin gari. Dokoki kuwa ba a rasa su ba. Akwai doka mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilun 2017 wadda ta shimfiɗa ginshiƙan tsarin birane a Nijar, sai kuma mai lamba 2018-25 ta 27 ga Afrilun 2018 a kan gini da muhalli. Sai dai waɗannan dokoki ne na ƙasa baki ɗaya, an rubuta su don su hau kan Agadas kamar yadda suka hau kan Gaya, don haka ba su ne za su gaya wa magini a unguwar Burja tsayin da zai ba dakalin ƙofar gida ba. Wannan aiki na birnin ne, shi zai fitar da taswira da ƙa'idojin da suka dace da ƙasarsa da gangarenta.

A ƙarshen watan Agustan 2024 an zuba ruwan da ya kai milimita 150 a Maraɗi cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, aka rasa rayuka aƙalla 15, ban da gidaje da dukiya. A garin da ruwan shekara yakan tsaya a wajen milimita 500, wannan na nufin abin da ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na damana ya sauka a lokaci guda. Babu tsarin da zai hana irin wannan ruwa yin ɓarna, amma tsari yana iya rage ta sosai, domin inda ruwan ya bi da ƙarfin da ya tara a hanya, mu ne muka shata masa su da gine-ginenmu.

Tudun Maraɗi rairayi ne, kuma a da idan aka yi ruwa ƙasa ke shanye mafi yawansa a tsakar gida da gonakin bakin gari, saura kuma ya taru a kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Yanzu kowane rufin kwano, kowace tsakar gida da aka malale da siminti, kowane titin kwalta, ƙari ne ga ruwan da zai gudu a sama maimakon ya nutse. Kududdufan kuwa an mayar da su juji, idan sun cika a baje su a sayar a matsayin fili, mai saye ya gina gida a daidai wurin da ruwan unguwa ya saba kwana. Ruwan da ya rasa masauki sai ya nufi yamma wajen gulbi da gudu, shi ne yake yanka kwazazzaban da ke cin bakin tudu suna matsowa ƙofar gidajen mutane kowace damana.

A layin da nake zaune na ga yadda abin yake faruwa daki-daki. Mai gida na farko ya sayo jar ƙasa mota biyu ya cike ƙofar gidansa, ya ɗaga dakali ya yi masa gangara da siminti saboda shigar mota. Da damana ta zo, ruwan da yake bi ta gabansa ya koma gaban maƙwabcinsa, shi ma da rani ya yi ya cike nasa ya ɗara na farko da bulo ɗaya. Haka aka yi ta bi har layin ya zama kwari a tsakiya, kuma gidan da ya fi kowanne ƙasa shi ne na wata dattijuwa wadda ba ta da kuɗin ciko, ɗakinta na laka ne, ruwan layin gaba ɗaya a gindin katangarta yake tsayawa. Babu ɗaya daga cikin maƙwabtan da ya yi nufin cutar da ita, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu wani ma'auni da suka ƙetare.

Saboda haka abu na farko da nake so in gani a sabuwar ƙa'ida shi ne taswirar hanyoyin ruwa, wadda za a auna tudu da gangaren kowace unguwa a kanta, kuma kada a sa hannu a kan wani sabon lotisma, wato yankan filayen gidaje, sai an nuna inda ruwansa zai fita da inda zai sauka. Kowane layi a kafa masa alamar tsayi da siminti a kusurwa, yadda magini zai ja igiya daga gare ta ya san inda dakali zai tsaya. Kududdufan da suka rage a yi musu takardar mallaka da sunan birni, a kewaye su saboda yara, a daina kallonsu a matsayin filin da ba a kai ga sayarwa ba. Sannan a wajabta barin wani kaso na tsakar gida babu siminti, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, wanda a filin mita murabba'i 400 bai wuce wurin bishiya da turken tumaki da shanyar kaya ba. Gina manyan magudanai yana da tsada kuma yana jiran kuɗin gwamnati ko na masu ba da tallafi, alhali waɗannan matakai yawancinsu takarda ce da awo da tsayawa a kan magana.

Haka nan filayen da akan ware a kowane lotisma don makaranta da ɗakin shan magani da kasuwa da maƙabarta. Kowa ya san yadda sukan narke sannu a hankali su koma gidaje. Maganin wannan shi ne a kafa taswirar unguwa a fili, a ƙofar mai unguwa da masallacin Juma'a, domin filin da jama'a suka san nasu ne ya fi wuyar yankawa a ɓoye.

Game da raba gari shiyya-shiyya, wato nan wurin zama, can wurin kasuwanci, can kuma masana'antu, ina ganin sai an yi hattara da kwafo tsarin wasu ƙasashe. Maraɗi garin fatauci ne tun zamanin cinikin gyaɗa, kuma arzikinta a ƙofar gida yake farawa: shago a jikin zaure, tela a rumfa, mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, ƴan awaki a bayan ɗaki. Dokar da ta ce unguwar zama ba a sana'a a cikinta, ranar da aka sa mata hannu za a fara karya ta, kuma abin da za ta haifar kawai shi ne hanyar karɓar na goro. Abin da ya dace shi ne a rarrabe sana'o'i gwargwadon cutarwarsu. Ma'ajiyar iskar gas da ta fetur, da majema, da babban gidan kaji, da wurin narka ƙarfe, waɗannan a sa musu tazara bayyananniya daga gidaje da makarantu. Injin niƙa da walda a sa musu lokacin aiki da sharaɗin katanga. Sauran kuwa a bar su, da sharaɗi ɗaya, cewa rumfar shago ba za ta ci titi ko ta rufe magudana ba.

Manyan motoci da rumbunan ajiyar kaya su ne suka fi bukatar wuri nasu. Hanyar Ɗan Isa mai zuwa iyakar Najeriya da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a nan suke haɗuwa, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, zai ƙara yawan kayan da ke sauka idan ya kammala. In ba a shata shiyyar rumbuna da tashar manyan motoci tun yanzu ba, dillalan filaye za su riga hukuma, daga baya a zo ana biyan diyyar abin da da an ware shi tun yana gona.

Sai ƙa'idojin ginin kansa. Duk shekara idan aka lissafa gidajen da suka faɗi, mafi yawansu na laka ne, har mutane suka ɗauka cewa laka ce matsalar. Ni ban yarda da haka gaba ɗaya ba. Ginin laka yana faɗuwa ne idan ruwa ya kwanta a gindinsa ko ya shiga ta kansa, kuma magabata sun san haka, shi ya sa suke yaɓe kafin damana, suke sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. Idan aka yi harsashi da dutse ko siminti aka ɗaga shi sama da inda ruwa yake kaiwa, aka yi rufin da ya zarce bango, ɗakin laka zai daɗe, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano daɗin kwana nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da ta haramta laka za ta kori talaka daga cikin doka ne kawai. Wadda ta koya masa yadda zai kare gindin bango da kansa ita ce za ta rage gidajen da ke faɗuwa a watan Agusta.

Ginin siminti ma yana da nasa aibun da ba a cika faɗa ba. Ana buga bulo da buhu ɗaya na kilo 50 a miƙa shi fiye da ƙima, a bar shi a rana babu ban-ruwa, har mutum ya iya marmasa gefensa da yatsa, sannan a ɗora masa bene. Duk ginin da zai hau sama ya kamata injiniya ya duba ƙarfensa da zubin kankarensa kafin a rufe, kuma a nan bai kamata a yi sassauci ba ko mai ginin wane ne. Akwai kuma batun tagar bene da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne, da salgar da ake haƙawa a kan titi ko kusa da rijiya. Malamanmu sun daɗe da hukunci a kan irin waɗannan a ƙarƙashin hadisin “babu cuta, babu cutarwa”, har faɗin hanya an ambata, zira'i bakwai idan an yi saɓani. Ƙa'idar da aka gina a kan abin da mutane suka riga suka yarda da shi a masallaci za ta fi samun karɓuwa a kan wadda aka sauko da ita daga ofis da Faransanci.

Wannan ya kawo ni ga takardar izinin gini. Yawancin mutanen Maraɗi ba sa gina gida a shekara ɗaya. Mutum yakan fara da katanga da ɗaki ciki da falo, bayan kaka ya ƙara ɗaya, idan ɗa zai yi aure a ƙara wani. Tsarin da yake neman cikakken zanen gida da kuɗi masu yawa tun ranar farko bai san wannan mutum ba, shi ma sai ya yi kamar bai san da tsarin ba. Zai fi amfani a fitar da ƴan zanen gidaje na misali a raba kyauta, a sauƙaƙa izinin ginin ƙasa ya zama takarda ɗaya mai arha da ake samu a ofishin kowace daga gundumomi uku na birnin, a rubuta sharuɗɗan da Hausa a shafi guda, a karanta su a gidajen rediyo. Magina su ne ya kamata a fara koyarwa, domin a zahiri su ne masu zana gidajenmu, mai gida yana faɗin abin da yake so su kuma suna jan layi a ƙasa da ƙafa. Unguwannin da aka riga aka gina ba bisa tsari ba kuwa, a buɗe musu hanya da magudana a ba su takardu, rusau ya tsaya ga abin da ya toshe hanyar ruwa, kuma a fara da katangar mai hali kafin rumfar mai shayi.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin riƙo ne suke tafiyar da birane, don haka babu zaɓaɓɓun kansiloli da za su kai kukan unguwa. Wannan ya ƙara wajabta a zauna da masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata da ƴan kasuwa kafin a rubuta komai, kuma a fitar da daftarin kowa ya gani. Zaman bai kamata ya tsaya a iyakar birnin ba, domin sababbin filayen da ake yankawa a yau da yawansu gonaki ne da ke wajen Tsibiri da Jiratawa da Safo, inda wata hukuma ce dabam take sa hannu. Ruwan waɗannan sababbin unguwanni ta cikin Maraɗi ko ta gefenta zai bi ya sauka gulbi, saboda haka taswirar hanyoyin ruwan sai ta haɗa su duka, kuma hukumomin su sa mata hannu tare kafin a ci gaba da yanka.