Takarda ta ce AA, ashe matata AC ce

Ni jinotayif ɗina AS ne, wato ina da ƙwayar gado ta lafiya (A) guda da ta sikila (S) guda, kuma na san haka tun kafin in fara neman aure, shi ya sa ban ɗauki maganar gwaji da wasa ba. Wadda zan aura ta je wani ɗakin gwaji aka ɗebi jininta, aka miƙo mata takarda an rubuta AA ɓaro-ɓaro. Muka yi hamdala, hankali kwance.

'Yarmu ta fari tana da shekara huɗu ta fara tashi cikin dare tana kukan ƙafa. Ba kumburi, ba rauni, sai ta dafe gwiwa ta ƙi yarda ko zanen rufa ya taɓa wurin. Da aka gwada jininta sai ga SC, wani nau'in sikila. Na zaro takardar mahaifiyarta na ajiye wa likita a kan tebur. Ta duba ta ce, "Malam, uwa mai AA ba ta haifar SC. Ɗa yana ɗaukar guda daga uba, guda daga uwa. Kai ka ba ta S, to C ɗin daga ina? A sake gwada mamanta."

Aka sake, ta fito AC.

Abin da ya faru shi ne gwajin gaggawa suka yi mata a wancan karon, wanda ake ɗiga jini cikin wani ruwan magani, in ya yi duhu-duhu akwai S, in ya tsaya garau babu. S kaɗai wannan gwaji yake gani, C ba ya nunawa sam. Abin da ya kamata su rubuta shi ne ba a ga S ba, amma suka rubuta AA. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don da sun faɗa mana iyakar abin da gwajinsu ke iya gani, da mun je gaba.

Daga baya na zauna na koyi abin sosai. S da C duk sauyi ne a ƙwayar gado ɗaya da ke kan kuromosom na 11, har ma a gurbi ɗaya, na 6, a jikin sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini. Mai AS ko AC galibi lafiyarsa lau, A ɗin da yake da shi ya rufa masa asiri, shi ya sa matata ba ta taɓa jin komai a jikinta ba. In irinmu suka haɗu, kowane ciki yana iya zuwa da AA, AS, AC ko SC, kowanne kashi 25 cikin 100. Masu ba mu baki sun yi ta cewa tunda ɗaya ta ɗauka, uku masu zuwa sun tsira. Ba haka abin yake ba. Kowane ciki lissafinsa daban, ba ruwansa da na baya.

Wasu kuma cewa suke ai SC da sauƙi. Galibi ya fi SS sauƙi, gaskiya ne, amma sikila ce. Tana taɓa ido da ƙashin ƙugu, don haka duba idon yarinyar nan ya zame mana dole, ga yawan shan ruwa, ga kiyaye ta daga sanyi.

Duk wanda ya ce min zai je gwajin jinotayif, abu ɗaya nake nanata masa: kada ka karɓi takarda sai ka tambayi wane irin gwaji aka yi. Ka nemi ilektiroforesis ko HPLC, su ne ke bambance A da S da C. Ka maimaita a wani wuri daban. In an yi maka ƙarin jini, ka jira wata uku, don jinin wani zai rikita sakamakon. Kuma O ko B da ke kan katinka rukunin jini ne, bai ce komai a kan sikila ba.

Ƙannen matata duk mun sa sun je an gwada su ta hanyar da ta dace, tunda C ɗin nan daga ɗaya cikin iyayensu ta gaje shi.