Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Na Zama Majinyaci a Ajina

A makon jiya na tsaya inda aka damƙa mini ajin Faransanci mai ɗalibai 42, ina shekarata ta biyu da fara koyarwa. Yaran suna da kai. In rubutu ne za su cika maka takarda, fi'ili ko ɗaya bai kuɓuce musu ba. Amma ka ce wani ya tashi ya faɗi jimla ɗaya da bakinsa, sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci kowa. Wanda ya yi ta maza ya fara, harshensa ya ɗan karkace, dariya ta ɓarke, to ya kulle bakinsa ke nan har zango ya ƙare.

Abin ya tsaya mini a rai. Wata rana na kai kukana wurin wani dattijon malami da ya kusa ritaya. Ya ce, "Malam, zauna ka ji." Ya ba ni labarin François Gouin, Bafaranshen da ya tafi Hambog ta ƙasar Jamus koyon Jamusanci. Ya haddace littafin nahawu, ya bi ƙamus ya haddace, duk da haka in Jamusawa suna magana ba ya tsintar komai. Da ya koma gida, sai ya tarar ɗan ɗan'uwansa mai shekara uku yana zuba Faransanci. Aka kai yaron ya ga injin niƙa, ya dawo yana kwaikwayon duk abin da ya gani, hannu na aiki baki na faɗa. A kan wannan Gouin ya gina littafin da ya fitar a 1880.

A daren na rubuta wasan kwaikwayo na shafi biyu, na raba musu su haddace. Bai yi ba. Da ɗaya ya mance layinsa, sai abokin wasansa ya tsaya ƙiƙam yana kallon rufi. Hadda ce dai na sauya wa riga. Na koma wurin dattijon, ya ce in jefar da rubutun, in shiga wasan da kaina. Ya ce haka Dorothy Heathcote ta riƙa yi, malamar da ta daɗe tana koyarwa a jami'ar Niyukasil ta Ingila: ta shiga cikin wasan, sau da yawa ta ɗauki matsayin mai neman taimako, ta bar wa yara matsayin masana.

Ranar Talata na jawo tebur tsakiyar aji, na ce nan asibiti ne. Na cire tabarau ɗina na ɗora a kan teburin, na ce duk wanda ya sa shi, shi ne likita. Ni kuma na dafe kai, na shigo ina nishi ina jan ƙafa.

Akwai wata yarinya a layin baya, jikin taga, wadda tun farkon shekara ban san muryarta ba. Ƙawarta ta zungure ta, ta taso kamar ba ta so. Ta sa tabarau, ya zamo mata har kan hanci, ta tura shi sama da yatsa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Où avez-vous mal?" wato ina ke maka ciwo. Na nuna kaina, na yi kamar kalmar ta ɓace mini. Ta ce, "La tête!" har da ɗan tsawa irin ta likitan da aiki ya yi wa yawa. Ta tambaye ni kwana nawa, ta tambaye ni ko ina barci. Ta yi kuskure wajen huɗu, aka yi dariya, amma ko a jikinta, don a ganinta likita ake yi wa dariyar, ita tana ɓoye a bayan tabarau. Wallahi ina dafe da kai ne, amma ƙwalla ce ta cika mini ido.

Ban gyara mata komai ba muna cikin wasa. In ka katse mai magana a daidai wannan gaɓar, ka kashe wutar da ka sha wuya kafin ta kama. Na riƙe kurakuran a kaina, bayan an gama na zuba su a allo ba tare da na ambaci sunan kowa ba, muka gyara tare. Daga nan na raba su biyu-biyu, kowane majinyaci da 'yar takarda mai ɗauke da ciwonsa, likita bai gani ba, dole sai ya tambaya. Bakuna 42 suka buɗe lokaci guda.

Hayaniyar ce ta kai har ofishin shugaban makaranta. Ana buga ƙararrawa masinja ya leƙo, ya ce, "Malam, ana kiranka." Abin da ya wakana a ofishin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.