Saƙon Godiya Daga Gidanmu, Tare Da Labarin Yara Na Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na saba duk shekara in rubuto wa 'yan uwa da abokan arziki labarin gidanmu, in faɗi wanda ya shiga sabon aji da wanda ya ƙara tsawo, amma na bana ya yi jinkiri, domin sau da yawa ina zama da niyyar rubutawa sai in rasa ta inda zan fara. Jiya Auta ta cika shekara ɗaya a duniya, shi ya sa na ce ko da gajiya a jikina yau sai na sauke wannan nauyi. Yadda aka yi kun sani, tun daga ranar da hawan jini ya tilasta aka yi wa mahaifiyarsu aiki ciki yana mako 31, har zuwa ranar da aka sallame mu bayan kwana 46, saboda haka ba zan sake tayar da abin da kuka riga kuka gani da idanunku ba. Alhamdu lillahi, uwa tana raye, 'ya tana raye.

Dare ɗaya ne kawai nake so in ba ku labarinsa, domin ban taɓa gaya wa kowa yadda ya kasance ba, har ita mahaifiyar tata sai daga baya ta ji. Daren kwana na tara ne. A lokacin an fara fito da yarinyar daga kwalba ana ɗora ta a ƙirji, fata da fata, a rufe ta da zane, hanyar da likita ta ce mini an fara ta ne a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, sa'ad da kwalaben jarirai suka yi wa wani asibiti ƙaranci. Da yake jikin mahaifiyarta bai yi ƙwari ba tukuna, ni ne nake karɓarta da dare. Nauyinta a ranar haihuwa kilo 1.4 ne, kuma idan tana kwance a ƙirjina ba nauyinta nake ji ba, ɗumin numfashinta nake ji a ƙasan wuyana. A wannan dare sai na ji ɗumin ya ɗauke. Na'urar da aka haɗa mata ta fara ƙara, na leƙa na ga leɓɓanta sun soma yin duhu, na buɗe baki zan yi kira amma murya ta ƙi fita.

Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ta iso ba tare da gudu ko hayaniya ba, ta sa yatsa tana murza tafin ƙafar yarinyar, ɗaya hannun yana shafa bayanta, tana yi mata magana a hankali kamar mai tashin wanda barci ya yi wa nauyi, har ta ja numfashi ta motsa. Bayan ta auna ta, ta sanar da likita, sai ta yi mini bayani cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi bai gama nuna ba a jikin bakwaini, shi ya sa sukan manta su shaƙi iska, kuma maganin da ake ba ta kullum saboda haka sinadarin nan ne da ke cikin gahawa. Ni dai na miƙa mata yarinyar na ce ta mayar da ita kwalba, ba zan ƙara ɗaukarta ba. Ta dube ni ta ce, "Baban Auta, a ƙirjinka aka gane da wuri, a nan kuma za ta koma." Ta gyara mini zanen da hannunta, ta jawo kujera kusa da tawa, ta ɗauko takardun da take cikewa ta ci gaba da aikinta a gefena har asuba, ba don aikin ya wajabta mata zama a wurin ba, sai don ta ga hannuna yana rawa. A ranar jarirai bakwaini ta duniya, cikin watan Nuwamba, mun koma sashen don mu gode mata, aka ce an canza mata wurin aiki. Idan wannan saƙo ya kai gare ki, 'yar uwa, Allah Ya tsaya miki a ranar da kike neman mai tsaya miki, Ya raya miki naki, Ya sa hannun nan naki ya zama shaida a gare ki ranar gobe.

A tsawon makonnin nan mu biyu ba mu san wani lissafi ba sai na giram. Kowace safiya a ɗora ta a ma'auni, idan ta ƙaru da giram 20 ko 30 mu wuni da farin ciki, idan ta ragu mu kasa haɗa ido. Muna cikin wannan ƙidaya sauran yaranmu uku suka yi ta girma a hannun wasu, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai da na zauna rubuta labarin bana. Na san Yaya Babba ba ta son a ambace ta a bainar jama'a, ta ma gargaɗe ni, amma ki yi haƙuri Yaya, yau sai na faɗa. Ita ta bar gidanta ta tare a namu kusan wata biyu. Ƙaramin namijin, mai shekara shida, a hannunta ya yi famfarar haƙorinsa na farko, ta naɗe haƙorin a takarda ta ajiye mini, ta ce uba bai kamata ya rasa wannan ba. Har yau yana cikin aljihun jakar aikina.

Babbar 'yarmu ta cika 13, kuma ta zarce mahaifiyarta a tsawo ba tare da na lura da ranar da hakan ta faru ba. Da ta ji an ce bakwaini yana saurin rasa ɗumin jiki ta kai, sai ta ɗauko zare da ƙoshiyar saƙar mahaifiyarta ta koya wa kanta. Hular farko ta yi wa Auta yawa har tana rufe mata fuska, ta warware ta sake, ta uku ce ta zauna daidai, kuma da ita aka fito da yarinyar daga asibiti. Yanzu saƙa ta zama abin da take yi duk yamma bayan ta gama aikin makaranta. Sakamakonta na zango na biyu ya ɗan yi ƙasa, ban ce mata komai ba, na uku kuwa ta dawo matsayinta.

Mai bi mata, ɗan shekara tara, yana nan da tantabarunsa, waɗanda suka tashi daga huɗu zuwa goma sha ɗaya. Maƙwabcinmu na jikin katanga, dattijon da yaran ke kira Baba, shi ya riƙa duba masa su, ya kuma gyara masa akurkin da iska ta ɓalle. Wata rana na dawo gida in yi wanka in koma, yaron ya riƙe hannuna ya kai ni wurin wata da ke kwanci, ya ce ƙwai biyu take yi, kwana 18 ake yi kafin su ƙyanƙyashe, kuma namiji da mace ne suke karɓa-karɓar kwancin, "kamar kai da Umma a asibiti." Na tsaya a bakin akurkin nan na kasa ba shi amsa.

Ta fannin aiki, abokan koyarwata sun raba darussana a tsakaninsu tun kafin in nemi alfarma, kuma biyu daga cikinsu ne suka ba da jinin da aka ƙara wa mahaifiyarsu. Kawu, wanda motarsa ta zama tamu dare da rana, da Gwaggo da ta yi jinyar mai jego, da ƙanwar matata da ta riƙa kai nonon da aka tatsa sa'ad da ake ba yarinyar ta robar hanci, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya yaye muku damuwar da kuka ɓoye kuka ɗauki tamu, Ya sa 'ya'yanku su ji ƙanku, Ya jiƙan iyayenku, Ya haɗa mu a inuwar da babu rabuwa. Keken ɗinkin mahaifiyarsu ya yi wata biyar a rufe, yanzu ta buɗe shi, kuma tana godiya ga masu kayan da suka yi haƙuri ba su karɓe ba.

Akwai na jikinmu ƙwarai da muka yi ta zuba ido ba mu ga ƙeyarsu ba, ko ta waya. Ban riƙe kowa a zuciya ba, wataƙila kowa da abin da ya sha masa kai, sai dai mai jego ta tambaye ni su fiye da sau ɗaya tana kan gadon asibiti, ni kuma na rasa abin da zan ce mata. Ƙofarmu a buɗe take, yarinyar kuma ba ta san fuskokinku ba tukuna.

Ita Auta tana rarrafe, tana kama kujera ta miƙe, haƙora biyu sun fito mata a ƙasa. Masu tambaya ko ta fara tafiya, likita ta ce a riƙa cire mako taran da ta riga lokacinta idan ana duba girmanta, wato a wajensu yanzu take kusan wata goma, kuma abin da take yi daidai ne da hakan. Gwajin ido ya fito lafiya. Saura na ji, wanda za a maimaita a wata mai kamawa, muna roƙon ku sa ta a addu'a.