Yadda muke koyar da lissafin alwatika a makarantarmu ta lesin

Duk ɗalibin da aka kawo mana ana kukan ya kasa gane tirigonometiri, wato lissafin alwatika, kafin komai nakan karɓe kalkuletarsa, in miƙa masa rula da ma'aunin kusurwa. Koyar da lissafi ga 'yan sakandare ita ce sana'ata, kuma a 'yar makarantar da nake riƙe da ita babu darasin da muke alfahari da shi kamar wannan.

Yaro zai zana alwatika mai kusurwa ta digiri 90 da hannunsa, ya sa ɗaya kusurwar ta zama digiri 30. Sai ya auna gefen da ke fuskantar wannan kusurwa, ya raba da dogon gefen. Rabi zai samu. Sai in ce ya zana wata da ta ninka ta farkon girma, ya sake aunawa. Rabi dai. A nan za ka ga idonsa ya buɗe, domin ya gano da kansa cewa sayin, wato amsar da ya samu, rabo ne da ba ya canzawa muddin kusurwar tana nan yadda take. Kosayin da tanjant kuwa, 'yan uwan sayin, ba sa ba shi wuya bayan haka, gefen da ake ɗauka ne kawai ya bambanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu lesin araha. Su tara yara su sa su haddace haruffan da ke tuna musu gefen da za a raba kamar waƙa, cikin mako guda a ce an gama. Ka juya wa irin wannan yaro alwatikar ta kwanta, shi ke nan ya rasa wane gefe ne ke fuskantar kusurwa. Na sha ganin wanda kalkuletarsa ke kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, ya danna sayin 30, ta ba shi -0.988, ya kwafa ya wuce, ko gezau. Wanda ya taɓa aunawa da hannunsa ba zai yarda da wannan amsa ba. Amma iyaye su zo suna cewa in rage kuɗi, wai wancan ya fi ni sauri.

Ni ma a fili na koya, ba a kan allo ba. Malaminmu, Allah Ya saka masa da alheri, yakan fitar da mu ya kafa sanda a rana, mu jira har inuwarta ta yi daidai da tsawonta. A lokacin rana tana kan digiri 45, tanjant ɗinta 1, don haka inuwar bishiya ita ce tsawon bishiyar. A bakinsa na fara jin sunan al-Battani, masanin taurarin da ya rasu a 929, wanda ya yi aiki da sayin a lissafinsa.

Jarrabawarmu ta ƙarshe tsani ne mai mita 5, ƙafarsa mita 3 daga bango. Ɗalibi zai nuna mini ya kai mita 4 a jikin bangon, tunda 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5 sau 5, sannan ya fitar da kusurwar da tsanin ya yi da ƙasa, kusan digiri 53. Sai ya bayyana wa ɗan ajinsu dalili da bakinsa kafin in mayar masa da kalkuletarsa.