Gilbert White biyu ne, kuma na raba su

Jama'a, alhamdu lillahi, kullin da ya hana ni barci a kan zuri'ar White ta ƙauyen Selborne a Hampshire ta Ingila ya kwance. Masu bin salsalar limaman coci na karkara, ku matso, wataƙila irinsa ne ya tsayar da ku.

A bishiyoyin zuri'a da mutane ke ɗorawa a intanet na yi ta cin karo da Gilbert White, limamin Selborne, wai ya kama aiki a 1681 ya rasu a 1793. Shekara 112 yana limanci! Kowa na kwafar na wani, ba mai tsayawa ya yi lissafi. Ga shi shafin da nake duba hotunan rajistar coci da fam yake yankar kuɗinsa duk wata, in ka mayar naira sai gabanka ya faɗi, amma a ciki ake wannan kwamacala.

Mutum biyu ne, kaka da jika, takwarori. Kakan shi ne ainihin limamin Selborne tun 1681. Jikan, wanda ya rubuta littafin nan na tsuntsaye da halittun ƙauyen da ya fito a 1789, an haife shi a gidan limancin kakansa ran 18 ga Yuli 1720. Yana ƙaramin yaro kakan ya rasu, kuma sai 1749 ya zama cikakken limami. Wannan ya raba sa hannunsu a rajistar cocin, tazarar ta wuce shekara 20. Rubutun zamanin kakan ma daban ne.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne muƙamin jikan. Mutum ya yi kusan duk rayuwarsa a ƙauye ɗaya, yana baftisma, yana ɗaura aure, yana binne mamata, amma bai wuce na'ibi ba a garin. Me ya hana shi gadon kujerar kakansa? Na duba ko rigima ce, ko rashin lafiya, ban ga komai ba. Sai da na daina tambayar wa ke aiki a cocin, na koma tambayar wa ke da ikon naɗi. Limancin Selborne a hannun kwalejin Magdalen ta Oxford yake, 'ya'yanta take bai wa. Kakan ɗan Magdalen ne, jikan kuwa ɗan Oriel, wata kwalejin ta Oxford. Shi ke nan, ƙofa a rufe! Oriel ta ba shi nata limancin a Moreton Pinkney can Northamptonshire a 1757, ya karɓa, ya sa wani na'ibi yana riƙe masa, shi ya yi zamansa a gidansu na Selborne, The Wakes. Shekaru da dama yana na'ibanci a Farringdon da ke maƙwabtaka, daga 1784 ya koma na'ibin Selborne har ya rasu ran 26 ga Yuni 1793. Wallahi da hoton ya haɗu sai da na miƙe tsaye don murna.

Ku kula da kalanda ma. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ran 25 ga Maris take kamawa, don haka wanda aka binne a Fabrairu rajista shekarar baya za ta ba shi.

Da na so in gama da iyayen jikan, John White da Anne Holt, kafin in taɓa ƙannensa, amma aikin ya riga ya cakuɗe. Gilbert bai yi aure ba, bishiyar ba ta yin ƙasa, gefe take bazuwa. Shi da kansa yakan ƙirga 'ya'yan 'yan uwansa a littafinsa na kullum, har suka haura 60. Henry limami ne a Fyfield, Benjamin mai sayar da littattafai a Landan shi ya buga masa littafin. Ƙanensa John ne ke gabana yanzu, wanda ya yi limancin sojoji a Jibiralta kafin ya koma Blackburn. In da wanda ya taɓa duba rajistar sojojin can, don Allah ya nuna min ta inda ake shiga kafin wata ya ƙare a sake yanke min kuɗi.