Yarinyar da Na Hana Yarinta

A shekarar da na shiga ajin koyon rubutun labari, aiki mai tsawo na farko da na miƙa ƙagaggen labarin kimiyya ne. Jarumar yarinya ce 'yar shekara 9, tana cikin wani kumbo da ya ɗauko mutum 2,000 zuwa wata duniya. Na'urar da ke tace iskar shaƙa ta lalace, injiniyoyi suka yi cirko-cirko, sai ita ta gano inda gizo ke saƙar. Shafi 40 na cika, ina ta ji da kaina.

Malamarmu ta dawo min da shi babu yabo babu zargi, sai tambaya ɗaya da jan biro a gefen shafi na 17: "Yaushe rabon yarinyar nan da kuka?"

Na ji haushi. Na same ta bayan an tashi, na ce, "Malama, ai haziƙa ce, ba irin sauran yara ba." Ta ce in karanta mata maganganun yarinyar da ƙarfi. Ban kai layi biyar ba kunya ta kama ni. Muryar da ke fitowa ta dattijon farfesa ce, an dai sa masa rigar yara. Ba ta tsoro, ba ta kishi, ba ta rigima a kan abin banza, ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Na ba ta ƙwaƙwalwa, na manta ban ba ta hali ba.

Malama ta tura ni in karanta abu biyu. Na farko binciken Leta Hollingworth ne, masaniyar halayyar ɗan adam a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, wadda ta bi rayuwar yara 12 masu kaifin basira na fitar hankali. Littafinta ya fito a 1942, shekara uku bayan rasuwarta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, damuwar yaran nan ba ta karatu ba ce. Abokin wasa ne babu. Sa'o'insu ba sa fahimtar wasan da suke so, manyan yara kuma ba sa son ƙarami ya liƙe musu. Tunani ya yi gaba, zuciya da jiki suna nan a shekarunsu. Yaro zai iya yi maka bayanin mutuwa dalla-dalla da rana, da daddare ya kasa barci saboda abin da ya fahimta.

Na biyu Ender's Game ne na Orson Scott Card, wanda ya fara fitowa a gajeren labari a 1977, ya zama littafi a 1985. Da can na karanta shi don yaƙe-yaƙen. Wannan karon halin yaron na bi. Ender yana da shekara 6 aka raba shi da gida aka kai shi makarantar soja a sararin samaniya, kuma da gangan Kanar Graff ya ware shi daga sauran yara don kada ya saba da jiran ceto. Idan ya yi faɗa ba ya tsayawa sai ya tabbatar ba za a sake tunkararsa ba, sannan ya koma gefe yana kuka, yana tsoron ya zama mugu irin yayansa Peter. Baiwarsa ita ce yana fahimtar abokin gaba har ya ji tausayinsa, kuma da wannan fahimtar yake hallaka shi. A ƙarshe manya suka ce masa jarrabawa ce a na'ura, ashe yaƙin gaske ne, ya shafe duniyar wasu halittu bai sani ba. Akwai masu sukar littafin cewa marubucin ya shirya komai ne don yaron ya yi kisa ya fita da hannu fari, kuma ban ce ba su da hujja ba. Amma Ender mutum ne a shafi, tawa kuwa kwamfuta ce mai kitso.

Sai na gano laifi na biyu da kaina, wanda ya fi na farko muni. Don in ɗaga yarinyar, na dankwafar da manya. Injiniyan da ya shekara 20 yana aiki bai duba abin da ɗan koyo zai fara dubawa ba. Mai karatu ba zai ce yarinyar haziƙa ba ce, cewa zai yi kumbon na cike da sakarkaru. Marubuci bai fi jaruminsa basira ba, lokaci kawai ya fi shi. Na yi mako uku ina karatu kan yadda ake cire gurɓatacciyar iska a rufaffen wuri, don in samo matsalar da ƙwararre zai iya tsallakewa bisa dalili mai kyau, ita kuma ta hango ta cikin minti biyu.

Da na sake rubutawa, ta gano matsalar ne domin ta shige bututun iska ta ɓuya, bayan yara sun kore ta daga wasa saboda ta cika gyara musu doka. Ta ga abin, ta gane shi sarai, amma ta yi shiru na awa 6, don wurin an hana yara shiga kuma tana tsoron faɗan mahaifiyarta. A cikin awannin nan wani tsoho ya suma, bai sake dawowa daidai ba. Da aka tara jama'a ana tafa mata, ita ƙofar ɗakin jinya take kallo.

Malama ta karanta, ta dawo min da shi. Jan biron ya koma shafi na 31 wannan karon, inda uwar yarinyar ta fito a labarin, Malama ta rubuta: "Ita kuma wannan, me take ji game da 'yar da ta fi ta sani?" Uwar layi biyu kacal na ba ta a duk labarin.