Kukin yana nan, fita ne ba ya yi

Kawuna yana sayar da atamfa da shadda a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ni kuma na gina masa shafin da masu saye za su zaɓi kaya a intanet su biya da MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya. Sati biyu da buɗewa ya kira ni bayan la'asar: "Ɗana, mutane suna biya, sai shafin naka ya yi kamar bai taɓa ganinsu ba." Na ce, "Kawu, a wurina lafiya lau yake." Ba ƙarya na yi ba, don na gwada ya fi sau goma a ɗakina a Aboabo. Sai ranar da na tsaya shan shayi a tsakiyar gwaji, ni ma ya fitar da ni.

Na ɗauka burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Firefox, ita ce ke zubar da kuki, ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a cikinta don riƙe shaidar shiga, na ce bari in gani da idona. Chrome yana tara kukis ɗinsa a fayil guda mai suna Cookies, wanda a Windows yake cikin User Data\Default\Network. Ma'ajiyar bayanai ce irin wadda ake kira SQLite. Da farko ya ƙi buɗuwa don burauzar tana riƙe da shi, sai da na rufe ta na kwafe shi gefe. Ga sunan kukin, ga adireshin shafin, amma abin da ke cikinsa a kulle yake da mabuɗin da ke ɗaure da asusuna na Windows. Ranar ƙarewarsa kuwa wata lamba ce mai gurbi 17. Na daɗe ina zare ido kafin in gane cewa ƙidaya ce daga 1 ga Janairu 1601, kowace daƙiƙa an raba ta gida miliyan. Firefox ya fi sauƙin kai: nasa cookies.sqlite ne, komai a fili.

Dare guda na kashe a kan wannan, abin da na samu kawai shi ne kukin yana nan daram, ba wanda ya taɓa shi.

Washegari na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na danna F12, na buɗe sashen Network da ke nuna duk buƙatun da burauza ke aikawa, na bi buƙatar da ke dawo da mai saye daga kamfanin karɓar kuɗi. Ta hanyar POST take dawowa, wato irin buƙatar da ke ɗauke da bayanai zuwa shafi, kuma babu kuki a tare da ita. Tun Chrome 80 da ya fito a Fabrairun 2020, kukin da ba a sa masa SameSite ba (alamar da ke faɗa ko zai bi buƙatar da ta taso daga wani shafi) ana ɗaukarsa a matsayin Lax, wato ba ya bin POST da ya taso daga wani shafi. Sai dai an bar ƙofa ɗaya: idan kukin bai kai minti 2 da haihuwa ba, zai bi. Ni da nake shiga in biya cikin minti ɗaya kullum ina wucewa ta ƙofar nan. Hajiya mai saye kuwa sai ta juya atamfa biyar, ta tura wa ƙanwarta hoto, ta jira saƙon MoMo, ta tuno lambar sirri. Kafin nan ƙofa ta rufe.

Zan iya sa SameSite=None tare da Secure, wato in bar kukin ya bi buƙata daga ko'ina muddin hanyar a tsare take, in huta, amma ban so kukin shiga ya riƙa bin kowane shafi ba. Sai na sa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta karɓi POST ɗin ba tare da neman shaida ba, ta tura mai saye zuwa shafin rasit ta GET, buƙatar buɗe shafi kawai, wadda Lax ya yarda kuki ya bi. Gyaran duka layi shida ne.

Yanzu idan zan gwada biyan kuɗi, ina shiga, in je in yi alwala, sannan in dawo in danna. Kawu da na yi masa bayani cewa ya yi, "To, Allah ya yi albarka. Kuɗin data fa, kai za ka biya?"